Gwangwanin Mama Tabita

Da farko ina yi wa Ubangiji godiya da ya bar ni da raina da hankalina har na iya zama in rubuta wannan. Matan zumuntarmu sun ce in tashi a coci in faɗa da bakina, na gwada sau ɗaya murya ta ƙi fita, shi ya sa na koma ga biro. Sunana Saratu, amma a Nasarawa in ba ka ce Maman Rahila mai ƙosai ba, ba wanda zai nuna maka ƙofata. Mijina Ishaya ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Bana shekara biyu da muka kai shi ƙauye muka binne. Abin da ya kai shi kabari ƙwarzane ne a ƙwauri, wanda tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba. Duk wanda na gaya wa haka sai ya girgiza kai ya ce maita ce. Ba maita ba ce, kuma na gaji da jin haka, don haka ga yadda abin ya faru.

Gidan hayar da muke ciki irin mai ɗakuna suna kallon juna ne, famfo ɗaya, masai ɗaya, faɗa kuwa kullum sai an yi a kan igiyar shanya. Akwai mu 'yan kudancin Kaduna, akwai 'yan Filato da 'yan Binuwai, kuma kusan duk mazan a masaƙa suke aiki. Babbarmu ita ce Mama Tabita, wata gwauruwa 'yar Filato da ta riga kowa shiga gidan. Ita ta karɓi haihuwar 'yata Rahila tun kafin a samo mota. In miji da mata suka kaure, ɗakinta ake zuwa a sasanta. A kan kabad ɗinta ne gwangwanin yake.

Gwangwanin madara ne babba, fentinsa duk ya goge. Dokar gidanmu ita ce, duk wanda aka rubuta wa magani ya sha ya ji sauƙi, ba zai ci gaba da sha ba kamar wanda bai san zafin nema ba, kuma ba zai zubar ba. Sai ya kai ragowar gwangwani. Wanda kuma ya tashi da ciwon ciki, ko tari, ko maruru, ko yaronsa ya yi zawo, sai ya je ya gaida Mama ta zaro masa kafso biyu. Ba a biyan ko kwabo. Ba mu san sunan ko ɗaya ba, da launi muke kiransu, wannan ja-da-rawaya, wancan ja-da-baƙi, ga kuma fari mai tsaga. Muna alfahari da gwangwanin nan, har matan maƙwabta suna cewa mu ne muka iya zaman tare.

Babu wanda ya kai Ishaya zuba masa. Ranar albashi masu tallar magani kan cika bakin ƙofar masaƙa da faranti a kai, ma'aikata suna fitowa kowa ya sayi kafso biyu ya kora da lemo. Wankin jini suke kiran abin. Wai ƙurar audugar da suka shaƙa wata guda tana taruwa a jini, sai kafso ya wanke ta. Ishaya huɗu yake saye, ya haɗiye biyu nan take, ya kawo wa Mama biyu. Tun kafin ya aure ni yake haka. In na ce, "Baban Rahila, kai da lafiyarka ƙalau, me kake sha wa magani?" sai ya bugi ƙirji ya ce, "Ai shi ya sa nake lafiya. Jinina ya fi ruwan famfon gidan nan tsabta." Dogo ne mai yawan dariya, bai taɓa kwana a asibiti ba, to da me zan yi masa gardama?

Abin ya faru a shekarar da aka canja launin kuɗi, lokacin da sojoji ke sa mu layin sabulu da madara da bulala a hannu. Da damina ne. Ya dawo daga aikin safe yana ɗan ɗingishi, ya ce keken ƙarfen da ake tura bandiran yadi ne ya goge shi. Na duba, jinin ma ya riga ya tsaya. Mama ta fito da gwangwani, ta ɓare ja-da-rawaya ta barbaɗa garin a kan ciwon, ta ɗaure da tsumma mai tsabta, ta ba shi biyu ya haɗiye. Masaƙar tana da ɗakin maganinta, amma a lokacin ana rage ma'aikata, kuma maganar da ke yawo ita ce duk wanda aka cika ganin fuskarsa a wurin nas shi za a fara sallama. Ko gaskiya ne ko ƙarya ban sani ba. Ishaya dai ya ce ba zai kai kansa ba a kan ƙwarzane. Washegari ya bi ta cikin taɓon layinmu ya tafi aiki.

Kafin mako ya zagayo wurin ya yi ja, ya yi sheƙi, in ka kai hannu kusa sai ka ji zafi kamar murfin tukunya. Kaluluwa ta fito masa a matsematsi. Mama ta ce ja-da-rawaya ya yi wa ciwon kaɗan, ta koma ja-da-baƙi. Da zazzaɓi ya shiga, na ja shi wurin mai kemis ɗin bakin titi, wanda ba likita ba ne amma duk unguwa Dakta ake ce masa. Ya ce allura biyar za a yi. An yi uku zazzaɓi ya sauka, Ishaya ya ce ya warke, sauran biyun ɓarnar kuɗi ne. Ya farke ƙafar wandonsa ta gefe don kada ya matse kumburin, ya koma tsayuwa gaban inji daga safe har rana. Na yi masa masifa, ya ce in bar shi ya riƙe aikinsa, ƙosai kaɗai ba zai biya haya ba.

A mako na uku ne wari ya fara. Da na kwance tsumman sai na ga ƙwarzanen ya zama rami, mugunya tana fita ta wuri biyu. Ranar ban tambaye shi ba, na rufe kaskon suyata na ce tashi. Mun isa asibitin gwamnati tun da sanyin safiya, amma mun tarar da layin kati ya zagaye baranda ya fita har gindin bishiyar dogon yaro. Ba wurin zama, Ishaya ya jingina da bango da ƙafa ɗaya, ƙudaje suna bin bandejin. Sai da rana ta karkata muka shiga. Likitan ya gaji, ban ga laifinsa ba, amma ko miƙewa bai yi ba. Ya leƙo ta kan tebur, ya rubuta, ya ce na gaba. A tagar ba da magani aka ce babu, mu je waje mu saya. Na je kemis na miƙa takardar, yaron shagon ya ƙirga mini abu a ambulan, na buɗe sai ga ja-da-baƙi. Na ce masa, "Wannan ai muna da shi a gida." Ya ce, "Madam, abin da aka rubuta ke nan." Wuni guda a tsaye, aka maido mu kan gwangwanin Mama Tabita.

Wannan karon na tsaya a kansa ya shanye duka, safe da rana da yamma, ko ɗaya ban bari ya kai wa Mama ba. Maganin bai yi komai ba. Kumburin ya haura ya kama gwiwa, sanyi yana kaɗa shi har gadon yana motsi. Ranar da ya kasa taka ƙafar zuwa masai, mai gidan hayarmu, Alhaji Mamman, ya ba da a-kori-kurarsa da direba, ya ce kada in sake in yi masa maganar mai. Allah ya saka masa. Aka kai mu asibitin, aka ba mu gado a ɗakin maza.

Wanda bai yi jinya a asibiti a shekarun nan ba, ba zai gane ba. Auduga kai za ka sayo, da bandeji, da sirinji, har da kananzir na fitila don ranar da aka ɗauke wuta. Mu masu jinya muna shimfiɗa tabarma a gindin bishiya, in ruwa ya sauko mu kwashe mu ruga baranda, a kore mu, mu dawo. Kowace safiya ana turo keken wankin ciwo daga gado zuwa gado. Almakashi da hantsaki 'yan kaɗan ne, ciwuka kuwa ɗaki guda, sai a tsoma su a ruwan magani a wuce na gaba. Wata Sista, babbar nas 'yar Binuwai, mai faɗa kamar ni, in tana aiki sai ta sa an tafasa su a kan risho ko da za a kai azahar ba a gama ba. In ba ta nan, sai yadda hali ya yi.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani tela daga Tirkaniya, Malam Haruna, da aka yi wa ɗan ƙaramin aiki a mara. Ya zo da ƙafarsa, yana ta ba mu dariya, ya ce kwana kaɗan zai koma kan kekensa don ɗinkin Sallah na jiransa. Ni da matarsa tabarma ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci. Ana gobe za a sallame shi ɗinkin da aka yi masa a mara ya buɗe, ya fara fitar da mugunya mai irin warin ta Ishaya. Daga ranar matarsa ta matsar da tabarmarta. Ban ji haushinta ba, kunya na ji. Sallah ta zo ta wuce yana kwance.

Ana ta yi wa Ishaya allura har ɗuwawunsa ya yi tauri, ciwo kuwa sai gaba yake yi. Sai aka kawo wani sabon likita ɗakin, matashi siriri mai tabarau. Shi ne ya fara tsugunawa ya duba ƙafar da kyau. Ya ɗebi mugunyar da tsinke mai auduga, ya ce in kai babban asibiti a ƙetaren gada a gwada. Na kai. Aka ce in dawo jibi. Na dawo aka ce kayan gwaji sun ƙare. Na yi ta hawa bas ina ƙetare kogin nan har kwandastoci suka san ni, kogin ya cika ya yi ja, ni kuma ina kallonsa ina addu'a. Sai da aka haura mako kafin sakamako ya fito.

Likitan ya kira ni baranda. Ya ce, "Madam, wane magani ya sha kafin ku zo?"

Na lissafa masa da launi.

"Kafin ciwon fa?"

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau, Dakta. Sai dai wankin jini na ƙarshen wata."

"Wankin me?"

Na yi masa bayani, har da gwangwani, ina yi ina ɗan jin daɗi don a ganina abin yabo nake faɗa. Ya cire tabarau ya shafa fuskarsa. Ya ce a ɗakin gwaji shuka ƙwayar cutar suke yi a faranti, su ɗora mata magunguna iri-iri su ga wanda zai kashe ta. Ya ce, "Ta mijinki ta tsiro har a jikin maganin. Ja-da-rawaya, ja-da-baƙi, allurar da muke yi masa, duk ta san su."

Na ce, "Cuta tana sanin magani?"

Ya ce, "Kafso biyu ba ya gamawa da ita. Raunanan yake kashewa, ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Makaranta kuka sa ta, Madam. Duk wata darasi kaɗan, har ta sauke. Kuma ba mijinki kaɗai ba ne malaminta, duk garin nan haka ake yi. In ta koya a jikin wani, sai ta bi hannu, ta bi tawul, ta bi almakashi ta shiga jikin wani da karatunta."

Raina ya ɓaci, na ce masa mu taimakon juna muke yi, talaka ba shi da halin zubar da magani. Ya ce, "Na sani. Mahaifiyata ma tana da irin wannan a kabad." Ya ce in koma gida in tafasa duk tsumman da ya taɓa ƙafar, in raba wa Rahila sosonta da tawul ɗinta. Maganarsa ta makaranta ba ta bar kunnena ba har yau.

Magani ɗaya ne ya rage da cutar ba ta sani ba, wata allura ce a 'yar ƙaramar kwalba, kuma asibiti ba su da ita. Na bi shagunan magani daga Kakuri har cikin gari. Wannan ya ce ta ƙare, wancan ya ce ba a shigo da ita yanzu, wani ya ce akwai amma farashin jiya ba shi ne na yau ba. Keken Ishaya ya tafi, rediyonsa ya bi, zannuwan aurena suka bi. Matan zumunta suka yi karo-karo, Ubangiji ya gani. Amma abin da nake samowa na kwana biyu ne ko uku, sai a tsaya a jira in nemo wani. Likitan ya ce wannan tsayawar ita ce abin da ba ya so, na ce masa in yana da inda ake haƙo kuɗi ya nuna mini. Bai yi fushi ba. Daga baya na ji Sista tana cewa kwalba biyu daga aljihunsa suka fito.

Da aka ɗauki hoton ƙafar aka ga ciwon ya shiga ƙashi. Likitan ya ce a yanke ta a saman gwiwa tun bai shiga jini ba, kuma a yi da wuri. Ishaya ya juya fuska bango ya ce, "Da wace ƙafa zan tsaya gaban inji?" Na aika ƙauye, wansa Yaya Dogara ya zo da ƙunshin saiwoyi da wani baƙin gari a kwalba. Tun daga ƙofar ɗakin ya fara.

"Tun da aka kafa gidanmu ba a taɓa sa mutum a rami da rabin jiki ba. Ba za a fara a kan ƙanena ba."

Na ce, "Yaya, wa ya yi maganar rami? Ni mai rai nake so, ko da ƙafa ɗaya ne."

"Ke mace ce, ba ki san abin da ke faruwa ba. Wani ne a wurin aikinsu ya taka masa sawu. A ba ni shi in kai shi gida."

Na tsaya a bakin gado na ce sai dai a ɗauke mu tare. Wata gwaggonsu ta ce a kai shi gidan addu'a a Mahuta, wani abokin aikinsa ya ce a wanke ciwon da ruwan batir, matar Yaya ta ce zuma. Kowa da nasa, ni ce dai mai wanke fo. Ranar da na tafi neman allura, Yaya ya ɗaga bandejin ya cusa baƙin garinsa. Sista ta gani da safe, ta kore shi daga ɗakin da muryar da aka ji har bakin get. Ina faɗin wannan ba don in tona masa asiri ba. Ƙanensa yake so, kamar yadda Mama Tabita take son sa. Amma a cikin ja-in-jan nan mako biyu suka tafi.

Ba a barin yara su shiga ɗakin. Wata Lahadi bayan sujada Mama ta kawo Rahila, ta ɗaga ta a taga ta waje. Yarinyar tana shekara huɗu. Ta kalli gadon ta kalle ni, ta ce, "Mama, ina Baba?" Ya rame har ba ta gane shi ba. Bayan sun tafi sai ya ce, "Maman Rahila, kira likita. A yanke."

Jininsa ya yi ƙasa, aka ce sai an samo jini. Abokinsa Bitrus, wanda injinsu ke kusa da juna, ya kwaso mutum biyar daga masaƙa ana tashi daga aiki, da audugar a gashin kansu, suka miƙa hannu. Ban manta da su ba ko ɗaya. Ishaya ya dangwala yatsa a takardar yarda da aikin, ni ma na sa hannu. Yaya Dogara ya ɗauki jakarsa ya koma ƙauye ko sallama babu.

Bayan aikin ya yi kwana biyu kamar zai tashi. Ya sha kunu, ya ce in sa masa sukari da yawa. Har ya tsokani Malam Haruna, ya ce in ya warke ya ɗinka masa wando a rabin kuɗi tunda ƙafa ɗaya ce. Na fita gindin bishiya na yi kukan murna. A rana ta uku sanyin ya dawo. Idanunsa suka yi rawaya, fitsari ya ɗauke, ya fara magana da mutanen da ba sa nan. Likitan ya zo ya duba, sai ya ce, "Ta riga mu shiga jini." An ƙara ruwa, an yi allurar da ta rage, an kira Fasto.

Daga asibitin ana jin jiniyar masaƙa in iska ta juyo. Da rana ne, lokacin canjin ma'aikata, ta yi kuka. Ishaya ya buɗe ido ya yunƙura zai tashi, ya ce, "Maman Rahila, ina takalmina? Zan makara." Na danne kafaɗarsa na ce masa yau hutu ne. Ya ce to. Ya koma ya kwanta, kuma bai ƙara magana ba. Kafin masu aikin safe su gama isa gidajensu ya cika.

A ƙauye, a bakin kabari, Yaya Dogara ya tambaye ni inda aka kai ƙafar. Na ce ban sani ba. Ya ce a gaban mutane, "Kin sa an raba shi, kuma bai tashi ba." Har yau ba ya amsa gaisuwata, kuma har yau in na kwanta ina tambayar kaina ko da an yanke a ranar da likita ya fara faɗa, da yanzu Ishaya yana zaune a bakin layi yana taya ni ƙirga ƙosai.

Da na dawo Nasarawa ina kwance kayan asibiti, sai ga ragowar kafso iri-iri a ƙasan jaka, na waɗanda aka fara aka canja. Mama Tabita tana zaune kusa da ni, ita ce ta riƙe mini Rahila duk tsawon jinyar. Ta ce, "'Yata, kawo a sa a gwangwani. Wani zai amfana. Shi ma da haka zai so." Na tashi na shiga ɗakinta, na sauko da gwangwanin daga kan kabad, na haɗa da na hannuna, na wuce masai na juye duka, na jefa gwangwanin a kai. Mutanen gida suna tsaye suna kallo. Na gaya musu abin da likita ya ce, da kukana da majinata. Mama ta zauna a dakali tana hawaye, ta ce, "Shekara nawa ina raya yaran gidan nan da shi. Yanzu ni na kashe Ishaya?" Na ce ba ita ba ce. Ta ce to wane ne? Na ce cutar ce da muka sa a makaranta. Wata mata ta ce a ƙyale ni, baƙin ciki ne ya taɓa mini kai.

Ba a yi wata biyu ba maruru ya fito wa Rahila a cinya, sannan wani a hammata. Yaran gidan uku ma suka yi. Ban tsaya jin shawarar kowa ba, na goya ta na ƙetare gada, na ce a gwada kafin a rubuta. Nas ta ce ni ce likitan ko su? Na ce ni ce wadda ta binne miji. Aka gwada, aka ce irin mai taurin kan ce, aka tsaga aka ba ta wani magani. Ta shanye shi tas, ko da yake ciwon ya bushe tun ana rabi. Ta warke, da tabo biyu.

Don haka ke 'yar'uwa da kike karanta wannan, in an rubuta miki magani ki shanye shi har ƙarshe, kada ki rage wa kowa, ba rowa ba ce. In lafiyarki ƙalau kada ki sha don wanki, jini ba zane ba ne. In ciwo ya ƙi jin magani na farko, ki nace a gwada, ko za a zage ki. In likita ya ce da wuri, to da wuri yake nufi. Na faɗi wannan a gidanmu, na faɗa a bakin kaskona ga duk wanda ya tsaya sayen ƙosai, wasu su ce Allah ya ji ƙansa, wasu su karɓi canjinsu su wuce.

Ni da Mama mun shirya, don ba a fushi da wadda ta karɓi haihuwarki. Amma tun kafin a yi wa Ishaya addu'ar cika shekara na ga sabon gwangwani a kan kabad ɗinta, fentinsa ko gogewa bai yi ba. In ta ga na shigo sai ta ja labule a kansa.

Ƙarshen watan jiya Bitrus, Baban Luka, ya zo gaishe mu, kamar yadda yake yi duk ranar albashi. Ya kawo wa Rahila biskit, ya ajiye mini mudun shinkafa. Da zai tafi na ga ya ratsa ɗakin Mama, ya zaro wani abu a ƙunshin takarda daga aljihun riga. Na bi shi na ce, "Baban Luka, mene ne wannan?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Tun da ya tafi huɗu nake saye. Biyu nawa, biyu kuma nakan kawo wa Mama da sunansa. Kada a ce an manta da shi a gidan nan."

Na kalli hannun da ya ba mijina jini, ga ja-da-rawaya biyu a tafinsa. Mama ta ɗaga murfin, ya saka su, na ji ƙararsu a gindin gwangwanin.